Simintin da Aka Shafa wa Ginin Baba

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
19 ga Satumba, 1999.

Zuwa ga Yaya Junaidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Hadiza da yara, Allah ya sa haka, amin. Yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Mu ma bana damina ta zuba har ta so ta yi yawa. Ƙafar Inna da sauƙi, tana takawa har maƙwabta. Asabe ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Nana Fatima. Baba kuwa babu inda ke masa ciwo, amma ba lafiya yake ba, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Ka san kwalejin nan da mutanen unguwa suka kafa da aikin gayya a Tarauni, inda nake koyarwa, wadda Baba ya gina wa babban ɗakin karatu na ginin ƙasa tun muna ƙanana. Shekara ashirin da shida ke nan bai taɓa yoyo ba. To bara ɗalibai suka yi yawa har wasu na ɗaukar darasi ta taga, sai kwamiti ya ce a ƙara ajujuwa huɗu. Aka ba Husaina aikin zane, 'yar Malam Audu mai gyaran rediyo, wadda ta karanto zanen gini a Zariya. Kowa ya zaci bulo da kwano za ta kawo. Ita kuwa sai ta shiga ɗakin nan da Baba ya gina da tsakar rana, babu wuta babu fanka, ta tarar da sanyi kamar bakin randa. Ta ce irinsa za a yi: bango mai kauri, tagogi kudu da arewa, ruwan rufi ya gangara tanki don ban ruwa, kuma ko darbejiya ɗaya ba za a sare ba. Da ƙafarta ta zo zaurenmu, ta durƙusa ta gai da Baba, ta roƙe shi ya ja ragamar aikin. Yaya, da ka gan shi ranar! Ya fito da kayan aikinsa da suka yi shekaru a ƙuryar ɗaki, ya aika unguwar Babban Giji a kira masa tsofaffin abokan aikinsa. Rani guda suka yi suna ɗora tubali, suna jira ya sha iska kafin su ƙara wani.

An gama ginin daidai lokacin da soja suka miƙa mulki. Alhaji Tanko, shugaban kwamiti, ya gayyato sababbin zaɓaɓɓu su buɗe. Da ya zagaya ya ga jan bango, sai ya ce wannan ai abin kunya ne, baƙi za su zo da manyan motoci su ce ƙauye aka kawo su. Husaina ta tafi Zariya a makon. Cikin kwana huɗu aka lulluɓe bangon da siminti ciki da waje, aka yi fenti, aka kuma guntule dogayen indararon da ke jefa ruwa nesa da gini, wai suna ɓata hoto. Baba ya bi Alhaji Tanko har gida. Ya gaya masa bangon ƙasa numfashi yake yi, yaɓen gargajiya na makuba yake so ba siminti ba, in ruwa ya shiga bayan simintin ba shi da hanyar fita. Alhaji ya yi dariya, ya ce zamani ya sake, Baba ya je ya huta. Ranar buɗewa a layin baya aka zaunar da shi, aka yi ta jawabi har la'asar, ba wanda ya ambaci sunansa.

Da damina ta kankama, kullum da safe sai Baba ya taka har kwalejin. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ya kara kunne, sannan ya dawo gida. A watan Agusta aka yi ruwan kwana bakwai. A rana ta biyar ya samu shugaban makaranta ya ce a fitar da ɗalibai, bangon ya zama fanko. Allah ya sa aka ji maganarsa. Ranar Alhamis kafin azahar bangon gabas ya zube, rufin aji biyu ya bi shi. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Na je na gani da idona: simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, ƙasar da ke bayansa ta jiƙe sharkaf. Ɗakin Baba na da, wanda ba a taɓa shi ba, yana nan tsaye a gefe, cikinsa a bushe.

Amma ka san mutane. Maganar da ke yawo daga Tarauni har bakin titinmu ita ce ginin Malam Isyaku ya faɗi. Ba mai zancen siminti, ba mai tuna wanda ya ce a fitar da yara. Ranar Asabar, tara ga Oktoba, kwamiti zai zauna don yanke shawarar rushe duk ginin ƙasa da ke kwalejin, har da tsohon ɗakin, a sare darbejiyoyin don motar rusau ta samu hanya. Husaina ta rubuta bayani shafi shida, suka ce yarinya ce ke kare zanenta. Baba kuma sun ce bai yi boko ba. Abin nan yana ƙona mini rai, har ba na son shiga aji.

Shi ya sa na rubuto maka. Kai injiniya ne, da siminti kake aiki, kana da takardun da suke girmamawa. Ban manta abin da ka faɗa ranar da ka bar gida ba, cewa ba za ka ƙare rayuwarka kana cuɗa laka da ƙafa ba. Ba gori nake maka ba, Allah ya sani. Ka zo kafin ranar, ka duba ɓaraguzan da kanka, ka faɗi abin da ka gani ko mene ne.

Baba ya daina zama a ƙofar gida. Ta lungun baya yake bi zuwa masallaci. Kayan aikin nan ya ƙunshe su a buhu ya ba Inna ta tura ƙarƙashin gado. Ɗazu na tambaye shi ko yana da saƙo zuwa gare ka. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce in gaya maka ka yi gaskiya, ka yi dabara da ba ka koyi sana'arsa ba. Wallahi faɗuwar bangon ba ta sa ni kuka ba, wannan maganar ce ta sa ni.

Inna tana gaishe ka, haka Kawu Shehu da Asabe sabuwar mai jego. Ka gai da Anti Hadiza, ka shafa mini kan Suhaib da Anas. Saƙon Baba na isar maka kamar yadda ya faɗa, amma amsarsa ba ta takarda ba ce. Ka kawo masa da bakinka.

Ƙanwarka,
Iyatu Isyaku.