Ni na daina shan ƙwayar, Baba kuma ya ɗora wa asibiti laifi

Na ci jarrabawar shiga jami'a, maki ya yi kyau har malamai na kirana gwaska, amma Baba ya ƙone maganin farfaɗiyata ya ce babu inda za ni. Assalamu alaikum 'yan gida, admin a sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗan Gwiwa ne, shekara uku ina shan ƙwayar da likita ya rubuta min a Kazaure, safe da yamma, ban ƙara faɗuwa ba. Matsalarta barci, ga jiri, ka buɗe littafi layi ya koma biyu. Da jarrabawa ta matso sai na yi wayon banza, na daina sha ban faɗa wa kowa ba, kullum Inna ta miƙo min in kai baki in tofar a bayan rumbu. Kaina ya washe kuwa, na yi karatu kamar inji.

Bayan an gama, ranar kasuwa, na yanke jiki na faɗi a layin masu awon gero. Mutanen da suka san ni tun ina yaye suka dare, wai yawun mai farfaɗiya yana yaɗa cutar, abin da likita ya sha ce mana ƙarya ne. Haƙorina ɗaya ya tafi, harshe ya tsage.

Yanzu Baba ya ce ai ga shi, Inna ba ta taɓa fashin ba ni ba amma na faɗi, kenan maganin asibiti yaudara ne. Wai yayansa ma ya yi farfaɗiya tun garinmu na cikin jihar Kano, da hayaƙin gargajiya aka yi masa magani, ni ma gobe za a kai ni wajen mai hayaƙi a Roni. Na ce Baba yayan naka ai a rijiya ya ƙare, ya ce in rufe masa baki.

Na kira ma'aikaciyar asibitin a ɓoye, ta yi min tas, ta ce tsayar da shi farat ɗaya ne ya kayar da ni, da na zo na faɗi maganar barcin, da likita ya duba ko a rage ko a canza. Ta ce kar in ƙara kwana babu magani.

In na faɗi gaskiya Baba zai mayar da ni asibiti, amma zai ce wanda ya yaudari uwarsa a gida ba za a sake shi jami'a ba. In na yi shiru, hayaƙi. Ya zan yi kafin gobe?

Ku tura wa duk mai shan irin wannan ƙwayar, kar ya tofar.