Ledar Hajiya Rabi

Lahadi da dare, watan Yuli

Awa uku muna hanya, muka tarar an kafa jar tuta a bakin teku, igiyar ruwa na hauka, ba wanka. Sai shugabar ƙungiyarmu, Hajiya Rabi, ta wurga sadakar gero ƙulle a leda cikin teku, wai malaminta ya ce. Ruwa ya dawo da ita gabana. Na kwance, na zuba geron, na riƙe ledar.

"Zainabu, kin ɓata mini sadaka!"

"Hajiya, kifi ba ya kwance ƙulli."

Da muka dawo unguwarmu ta High Point Road, Hajiya ta yanke hukunci. Wai in ba da haƙuri ko in bar ƙungiya. Ni da na ga yadda leda ta cinye gaɓar tekun Accra? Gobe zan mayar mata da ledarta, a wanke.