Gayya a Gonar Mutanen Daji

Tambuwal, farkon damina.

Yaya Lauwali,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da matarka Batula da yara. Na ga saƙonka, cewa mutanen daji sun aiko ƙauyenmu: duk mai son noma gonarsa bana sai ya yi musu gayya kwana biyu a mako, in an girbe kuma dami ɗaya cikin fuɗu nasu ne. Ka ce za ka kwaso iyali daga ƙasar Kebbe ku dawo wurina.

Haba Yaya, kada ka yi gaggawa. Wallahi darasin da nake koya wa ɗalibaina ke nan. A Turai ta da, talaka yakan nome wa mai ƙasa gonarsa, in yaƙi ya zo shi kuma ya buɗe masa ƙofar ganuwa. Alkawari ne, kowa da nauyinsa. Iyayengijin Japan kuwa shinkafa suke karɓa su ciyar da mayaƙansu, can biyayya ce, ba a ja-in-ja. Amma duk biyun, mai takobi ba ya bari a taɓa wanda ke cika masa rumbu. Ba a banza Baba ya sayar da bijimi na yi karatu ba. Ka zauna, ka yi musu gayyar.

Ƙanenka,
Gazali.

Tambuwal, kaka.

Inna,

Ina gaishe ki. Ya jikinki, ya haƙurinmu? Na zo gaisuwa na kasa dubanki, shi ya sa na rubuto. Batula ta karanta miki.

An faɗa mini wata ƙungiyar mutanen daji ce ta tarar da su Yaya Lauwali suna yankan gero a gonar abokan gabarta, ta buɗe wuta, ta kashe shi. Waɗanda ake wa aikin kuwa suka hau baburansu suka tsere. An ce an sami takardata a aljihunsa.

Inna, ni na hana shi tahowa. Kuma ba Turai ba ce, ba Japan ba ce. Ɗakina ɗaya ne, na ji tsoron nauyinku, na fake da littafi. Kunya da baƙin ciki suna cina. Jiya wata ɗaliba ta tambaye ni wanne ne namu tsakanin na Turai da na Japan, na rufe littafin na fita daga aji.

Don Allah ku bar geron nan ku taho. Na share ɗakin. Ashe yana ɗaukar tabarma shida.

Ki yafe mini.

Ɗanki,
Gazali.