Taguwarka Ta Tashi

Yaya Alhassane,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Dirkou? Yaya Anti Mariama da yara? Mu nan Dagmanet kowa lafiya, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Ka kwantar da hankalinka, taguwarka ta tashi. Da ta ƙi kiwo tana ta ramewa, Kawu Ilias ya yi mata lalas, wato ya ƙona ta da ƙarfe mai zafi a wuya, bai yi amfani ba. Sai ya ce a yanka kafin ta zama mushe. Na ce wallahi ba mai taɓa ta sai likitan dabbobi ya gani, har muka ɗan yi sama.

Likitan ya ɗiga jininta a gilashi, ya sa a mikroskop, na'urar nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, ya ce in leƙa. Yaya, wasu halittu na gani sirara suna ta wutsil-wutsil! Kowace tana da zare guda kamar bulala, da shi take kaɗawa tana iyo, tana ture ƙwayoyin jini. Ya ce sammore ne, ƙudaje masu cizo ke kawo shi, kuma wuta a fata ba ta kai wa ga abin da ke yawo cikin jini. Ya yi mata allura. Yanzu har tana ƙwace harawa a hannuna.

Ka taya mu addu'a kada ciwon ya dawo. Ka gaida mutanen gida duka. Kawu ma yana gaishe ka, ya mayar da wuƙarsa kube.

Ƙaninka,
Moussa