Ramin da Ke Wuyan Barakatu

Litinin, 5 ga Mayu, 1975

Sati uku ke nan da aka kai Barakatu yaye Sabon Gari, wajen Inna, mahaifiyar Malam maigidana. Tun ranar ɗakin nan ya yi mini faɗi. A takardar nan kaɗai nake iya rubuta sunanta. 'Yar fari ce, a gaban mutane "yarinyar nan" nake cewa, in kau da kai.

Ranar da aka kai ta na miƙa wa Inna ƙullin kayan Barakatu, ban ce komai ba a kan wuyan. Ɗan rami ne kamar hudar allura, gefen dama, ƙasa-ƙasa. Tun ranar suna na gan shi. Yakan tsatso ruwa mai yauƙi, musamman in ta sha nono. Kusan shekara biyu ina gogewa da bakin zane a ɓoye. Yanzu wa ke goge mata?

Laraba, 7 ga Mayu

Shafi ɗaya na karanta sau huɗu. A littattafan labaran nan da nake karantawa uwa takan rungume ɗanta a gaban kowa, ba mai yi mata dariya.

Asabar, 10 ga Mayu

Malam ya je gaida Inna, ya dawo Samaru da labari. Wai Barakatu ta yi mura, wuyan ya kumbura kamar ƙwan zabo, ya yi ja. Inna ta ce maruru ne, ranar Alhamis wanzami zai zo ya yi mata sakiya da ƙarfe mai zafi. Na ce, "To." To kawai! Na ci gaba da tsintar shinkafa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Clementina, maƙwabciyarmu mai aikin nas, ta dawo daga coci ta tarar da ni ina kuka a bayan ɗaki. Na faɗa mata komai. Ta ce ba maruru ba ne, da shi aka haife ta. Wata siririyar hanya ce a ƙarƙashin fata, takan kai har maƙogwaro. In aka yi sakiya sama ce za ta warke, kumburin ya dawo, ga tabon da zai wahalar da likita. A asibiti sai an kwantar da kumburin da magani, a ɗura wani ruwa ta ramin, a ɗauki hoto a ga inda ya nufa, sannan a cire.

"Likita zai tambaya tun yaushe," in ji ta. "Wa ya sani in ba ke ba? Kunyar ce za ta ba shi amsa?"

Talata, 13 ga Mayu

Na tuntuɓi Malam. Ya ce, "Ke za ki dubi Inna ki yi mata zancen 'yar fari? Za a yi da ke har unguwar Chikaji." Ya yi dariya. Amma bai ce a'a ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Ban buɗe littafi ba yau. Na wanke zanen goyo, ba don komai ba, ya daɗe a akwati ne. Za su ce ba ni da kunya. Su ce.

Gobe da sassafe zan shiga motar Sabon Gari, in riga wanzami, in goyo ta zuwa asibiti.