A Mayar Mini Da Teburina Na Layin Kifi

Zuwa ga Alhaji Shugaban 'Yan Kasuwar unguwarmu, Garwa.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Asma'u Sa'idu, mai sayar da bandar kifin Lagdo a layin gaba tun kafin a zaɓe ka. Na nemi ganinka, an ce kana Mayo-Ulo. Na koma, an ce kana salla. Shi ya sa na rubuto a fili.

Ka san an cire mini nonon hagu saboda ciwon daji, na sha ƙarin ruwan magani har gashina ya zube. Allah Ya tashe ni. Amma magani ya bar mini tabo: hannun nan yana kumbura tun da aka cire kaluluwar hammata, yatsuna ba sa ji sosai, ƙwayar da nake sha kullum kuma tana sa ni zufa. Likita ya ce da su zan rayu, kuma ba wanda zai ɗauke su daga gare ni.

Na ɗaya. Na roƙe ka a ɗaga mini teburi don in rage sunkuyo. Ranar na yaye mayafi na nuna maka hannun, daga kai sai sakatarenka. Kwanaki kaɗan ma'aikacin tsafta na mairi, wato ofishin magajin gari, ya zo, ya wuce teburan layin duka, ya tsaya a kaina, ya ce in buɗe hannun hagu. Na hagu fa, Alhaji, alhali a rufe yake. Wa ya sanar da shi?

Na biyu. A makon ne magana ta bazu wai ruwa na ɗiga daga hannuna cikin kifi. Ƙarya ce, babu ko ƙurji a jikinsa. Madam Rifkatu, tsohuwar mai sayen kifina, ta ce a rumfarka ta fara jin zancen, kuma da kunya ta faɗa mini.

Na uku. Kwamiti ya mayar da ni bayan kasuwa, wai don in huta. Wane hutu? Can babu inuwa, zafin Garwa kuwa ka san shi, kafin azahar hannun ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Famfo ya yi nisa, ni kuma an hana ni ɗaukar kaya da hannun. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya tambayi likitana.

Sai wanda ya fi damuna. Mai walda ya auna wurina tun kafin kwamiti ya zauna, masu tumatir sun gan shi. Yau firjin surukinka ne a wurin. Ban ce kai ka kitsa ba, Allah ne masani. Amma idan ba shiri ba ne, ka faɗa mini mene ne.

Ba don kaina kaɗai nake magana ba. Akwai wata a kasuwar nan, ba zan faɗi sunanta ba, da ta ja ni gefe ta sa hannuna a ƙirjinta, na ji ƙullutu. Na ce mu je lopital, wato asibiti. Ta ce ta ga abin da warkewa ta jawo mini, gara ta yi shiru ta riƙe teburinta. Har yau ba ta je ba.

Ina roƙon a mayar mini da wurina. A kira ma'aikaciyar lafiya ta duba hannuna gaban matan kasuwa, ta yi musu bayani da Hausa da Fulatanci. Kai kuma ka tsaya da bakinka ka ƙaryata zancen, a rumfar da ya fito, don matar nan ta ji.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare matanka da 'ya'yanka daga wannan ciwo.

Wassalam.

Asma'u Sa'idu, Garwa.