Yajin Jegon Sa'adiya

Ƙarfi, ta Malumfashi,
Ranar Talata.

Zuwa ga uwata Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Awaisu da mutanen Funtua baki ɗaya. Yaya nauyin jiki? Allah Ya sauke ki lafiya, amin. Mu nan ƙalau muke, in ban da yatsu biyu da na ƙona a garwashi. Su suka sa rubutun nan ya karkace, ko da yake wanda ya tsaya a aji huɗu ba ya rasa abin da zai ɗora wa laifi.

Sau uku kina bugo waya in aika da gwangwanin yajin jegonki Gozaki, wurin Hajiya Inno yayar mahaifiyarki, tunda can za ki je haihuwa. Sau uku ina ce miki sabis ba kyau. Sabis lafiyarsa lau, uwata. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro.

Abin ya faro ne a shagon Fidelis mai maganin feshi. Ya nuna mana wani Bature a wayarsa yana gasa nama falle guda, kaurinsa kamar tafin ƙafata, ya jiƙa shi a ruwan haɗi, ya shafe shi da yaji. Ni kuwa, mai bakin da bai san gajiya ba, na ce wannan ai wasan yara ne, a Ƙarfi muka yaye shi. Nan take Fidelis da abokinmu Malam Isah suka ce ranar Juma'a suna tafe su gani.

Na sayo tsokar cinyar saniya a kasuwar Malumfashi. Na jiƙa tsamiya, na daka tafarnuwa da albasa, na zuba man gyaɗa. Sai na tuna marigayiya mahaifiyarki Sabuwa tana naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda. Na ce in ganye ya yi aiki, ai ɗan ya fi. Na goge ɗanyar gwanda guda sukutum a ciki, na bar naman kwana da yini. Da na zo ɗagawa, ya zame ta tsakanin yatsuna kamar fate. Kaji ma sai da suka zagaya shi sau biyu kafin su yanke shawara.

Na koma da gudu na sayo wani, ga baƙi a hanya, gida kuma ba komai sai gishiri. Sai idona ya kai kan gwangwanin nan. Kin san yadda aka yi shi. Ciwo ya riga ya ci ƙarfin mahaifiyarki, tana daka tana zama ta huta, ta hana kowa karɓar taɓarya, ta ce ko ba ta ga jikanta ba, yajinta zai gan shi. Na san wannan duka, na kuma ce cokali ɗaya ba zai yi komai ba. Na kwaɓa da man gyaɗa da lemun tsami, na shafe naman, na bar shi ya sha, na gasa. Fidelis ya ci ya ce Baturen wayarsa ya koma makaranta. Kin san ubanki da yabo, kamar akuya da dusa. Juma'a uku ana haka.

To, yaji dai ya ragu. Ki yi haƙuri. Awaisu zan ba takardar nan ya kawo miki.

Naki, ubanki mai laifi,
Maharazu.

Ƙarfi,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki da abin da ke cikinsa, Allah Ya raba lafiya. Kwana tara ke nan ban ji muryarki ba. Awaisu ya ce kin karanta, kin ninke takardar, kin shiga ɗaki. Yanzu ni ne nake duba waya ina zagin sabis.

Waccan wasiƙar gaskiya ce, amma an yi mata gyaran fuska. Na jingina abin ga su Fidelis, alhali abin da suka ci bai wuce cokali shida ba. Sauran ni na cinye, ni kaɗai.

Ranar da na fara buɗe murfin nan, ɗakin ya cika da ƙamshin mahaifiyarki, har na waiwaya ƙofa. Tun daga nan, in na dawo gona da la'asar, lokacin da ta saba ajiye mini kwano, sai in gasa 'yar tsoka in barbaɗa. Ranar da ba nama, da dafaffen rogo. Wata rana da yatsa kawai. Kullum ina cewa yau ne na ƙarshe, har cokali ya fara kankarar ƙarfe. Na manta ba ni kaɗai aka yi wa rashi ba. Ni na yi shekara talatin ina cin girkinta, ke kuwa wannan kaɗai ta bar miki, shi ma na bi shi.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Na juye ɗan abin da ya rage a leda, na sayo yajin kasuwa na cika gwangwanin, na hau babur na kai Gozaki ina ta fara'a. Hajiya Inno ta buɗe, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta ce wannan yajin tsire ne, rabinsa ƙuliƙuli, wace mai jego aka taɓa gasa wa jiki da ƙuliƙuli? Ita ce fa ranar sadakar arba'in ta ce in ba ta gwangwanin ta adana, na buga ƙirji na ce amana a hannun namiji ta fi tsaro. Na so ta tuna mini, ko ta zage ni in samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dube ni kawai, har na sa hannu a aljihu na fito da ledar. Ta sunsuna, ta juya baya ta daɗe tana gyara ɗankwali.

Ga hukuncin da ta yanke. Wannan ɗan ragowar za a yi iri da shi, a cuɗa cikin sabo. Ta faɗa na rubuta: citta, kimba, masoro, kanumfari, fasaƙwari, barkono da tafarnuwa, a shanya kowanne daban. Ba za a kai inji ba, ita ma ba za ta daka ba. Ni zan daka ranar Asabar a tsakar gidanta, a gaban matan unguwa, da furfurata. Naman gashinki na kwana arba'in kuma ni zan riƙa kaiwa Gozaki, in gasa, in miƙa, ba ɗanɗanawa. Na ce na amince. Na tambaye ta ko shi ke nan an yafe mini, ta ce ba kayanta na ci ba.

Gaskiya ta faɗa. Ko na daka turmi goma, hannuna ne ba na Sabuwa ba, wannan kuwa ba ni da inda zan samo miki shi. Ba zan ce ki yafe ta takarda ba. Ranar Lahadi in Allah Ya kai mu ina tafe Funtua, zan zauna a zauren Awaisu. Kada ki yi girki, kada ki shimfiɗa tabarma. In kin fito, duk abin da kika faɗa na ɗauka. In ba ki fito ba, Lahadi ta sama ma ina nan tafe.

Ki huta lafiya, Allah Ya jiƙan mahaifiyarki.

Ubanki,
Maharazu.